Kuzar Filato da Kasuwar Amurka, 1950–1955

Masu nazarin tarihin haƙar kuza a ƙasar Jos sun fi mayar da hankali kan Turawan Ingila, kasancewar su ne masu kamfanoni irin su ATMN da ke Bukuru, maƙwabciyar Vom. Sai dai a shekarun 1950 linzamin kasuwar yana hannun Amurka ne.

Dalili kuwa shi ne wani baƙin ma'adini mai suna kwalambait, wanda ake samu gauraye da kuza. A dā lebura kan wanke kuza su zubar da shi cikin juji. Da Yaƙin Koriya ya ɓarke a 1950, Amurka ta buƙace shi don haɗa ƙarfen da ke jure zafin injin jirgin sama. A 1952 gwamnatinta ta ninka farashin da take saye domin ta tara shi a rumbunta. Nan da nan aka koma tonon tsofaffin jujin, har Nijeriya ta zama ita ce ke fitar da mafi yawan kwalambait ɗin duniya. Barikokin kuza suka cika da 'yan ci-rani daga Kano, Katsina da Zazzau, Hausa kuwa ta ƙara kafuwa a matsayin harshen aiki da ciniki tsakaninsu da Birom, masu ƙasar, waɗanda gonakinsu ne suka koma ramuka.

A 1955 Amurka ta ga abin da ta tara ya ishe ta, ta daina sabon saye. Farashi ya faɗi, aka sallami lebura, ramukan suka zama tafkuna.