Tsohon Targaɗe Da Sandar Dattawanmu A Kafanchan



Kafin jirgin ƙasa ya iso ƙasar Jama'a, ƙafa ce abin hawan kakanninmu. Fatake na ratsa duwatsun Kagoro da kaya a ka, manoma na yini a gona. A 1927 Kafanchan ta zama mahaɗar layin dogo, inda hanyoyin Fatakwal da Kaduna da Jos suka haɗu. Garin ya cika da leburori da 'yan dako, masu hawa da saukar tarago da buhu a kafaɗa. Targaɗe da karaya suka zama ruwan dare.

A lokacin, wanda ya gurɗe sai a kai shi wurin mai ɗori, a ja, a ɗaure, kwana kaɗan ya koma aiki. Sai girma ya zo, idon sawun ya riƙa ƙagewa da asuba, mu ce sanyin ƙashi ne. Yau likitoci sun tabbatar cewa mafi yawan amosanin idon sawu daga tsohon rauni yake tasowa. Gaɓar da ba ta warke daidai ba takan cinye guringuntsinta a hankali, har ƙashi ya riƙa gugar ƙashi.

Dattawanmu ba su da ƙwaya. Gashi da ruwan ɗumi suke yi, su ɗaure da ƙyalle, su riƙe sanda, su bar wa yara ɗaukar kaya. Aikin gashin ƙashi na asibiti ya fara a Najeriya a 1945 a Igbobi da ke Legas, an buɗe Asibitin Ƙashi na Dala a Kano a 1959, kuma har gobe da irin waɗannan matakan ake farawa. An dai ƙara da motsa gaɓar kullum don ƙarfafa naman da ke riƙe ta, rage ƙiba, takalmi mai taurin ƙasa, da riƙe sanda a hannun da ke ɓangaren ƙafa mai lafiya.

Mu kuwa mun koma kemis, muna haɗiyar maganin kashe ciwo ba ƙa'ida, alhali yawansa na iya taɓa ƙoda da ciki. Sanda kuma muna jin kunyarta.

Matasanmu 'yan acaɓa da 'yan ƙwallo, kada ku raina targaɗe. In kumburi ya ƙi saɓewa ko taku ya gagara, a je asibiti a duba tun da wuri.

Allah Ya ƙara wa iyayenmu lafiya.