Kason Filinge a Zamanin Nasara

Dattawan Kurfai, daga Filinge har Abala, ba su manta da dokar indijena ba. A ƙarƙashinta kumandan kan jefa talaka kaso har kwana 15, ba alƙali ba shaida, don jinkirin lanho ko ƙin gaida Nasara. Ɗan kaso kuwa shi ne mai ɗebo ruwa, mai saran itace, mai gyaran hanyar bariki. Sarakuna suna tsaka mai wuya: su ake tambaya lanho da ƴan aikin tilas, wanda ya tsaya wa talakawansa rawaninsa na cikin haɗari. Sai a 1946 Faransa ta soke indijena da aikin tilas.