Daga Ganye Zuwa Kwalba: Tarihin Man Na'a-na'a

Kalmar "na'a-na'a" aro ce daga Larabci, kuma ganyen sananne ne ga duk mai shan shayi a Agadas ko Yamai ko zangon Kumasi. Kalmar "minti" kuwa, wadda yara ke kiran alewa da ita, daga Turanci ta shigo, daga sunan wannan tsiro. Kalmomin biyu suna nuna hanyoyi biyu da tsiron ya bi ya iso gare mu: ta Sahara a matsayin ganye, ta bakin teku a matsayin kayan masana'anta. Sanin bambancin hanyoyin nan yana da amfani ga lafiyar iyali.

Amfani da ganyen ya daɗe ƙwarai. Kundin magungunan Misira da ake kira Ebers, wanda aka rubuta wajen shekara ta 1550 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya ambaci na'a-na'a. Sai dai nau'in da ake tatsar man magani daga gare shi, mai yaji a harshe, bai shiga littattafai ba sai a 1696, sa'ad da masanin tsirrai John Ray ya bayyana shi a Ingila. Barbarar nau'i biyu ce ta haifar da shi: na'a-na'ar bakin ruwa da na'a-na'ar lambu irin ta shayi. Shi ya sa ba a dogara da irinsa wajen shuka, sai dai a dasa saiwarsa. A 1721 ya shiga kundin magunguna na Landan, a 1753 kuma Linnaeus ya sa masa sunan kimiyya Mentha piperita.

Daga tsakiyar ƙarni na 18 garin Mitcham, kusa da Landan, ya yi suna wajen nomansa. Ana turara ganyen da tururi, a sanyaya tururin, sai man ya taso saman ruwa a kwashe. A 1771 likita Gaubius na birnin Leiden ya ware sinadarin mental daga man. A ƙarni na 19 noman ya bunƙasa a Amurka, a jihohin New York da Michigan, kafin cutar saiwa ta tura shi yamma zuwa Oregon da Washington. A ƙarshen ƙarnin aka fara sayar da man shafawa mai mental, irin su Mentholatum da Vicks, waɗanda dangoginsu muke kira man zafi. A yau Indiya ce kan gaba wajen samar da mental, daga wani nau'in na'a-na'a na daban.

Mene ne sirrin sanyinsa? A 2002 ne David Julius da Ardem Patapoutian, kowa da tawagarsa, suka gano ƙofar da ke jijiyoyin fata mai suna TRPM8, wadda sanyi ke buɗewa. Mental ma yana buɗe ta, sai jiki ya ji sanyi alhali zafinsa bai sauka ba. Haka yake ga mai mura: yana jin hancinsa ya buɗe, amma toshewar tana nan. Masanan biyu sun sami kyautar Nobel a 2021.

Binciken likitoci ya ƙarfafa amfani biyu. Na farko, man yana sassauta tsokar hanji, don haka ana ba masu yawan murɗawa da kumburin ciki kafso mai rufi na musamman wanda ba ya narkewa sai ya wuce tumbi. Dalilin rufin shi ne, idan man ya fita da wuri yakan saki bakin tumbi ya jawo ƙwannafi. Na biyu, shafa wanda aka sirka a goshi yana rage ciwon kai na gajiya.

Haɗarin kuwa ya fi yawa ga jarirai. Shafa man ko man zafi a hanci ko fuskar yaron da bai kai shekara 2 ba yana iya shaƙe masa maƙogwaro ya tsayar da numfashi. A 1980 likitoci biyu, Olowe da Olikoye Ransome-Kuti, suka wallafa bincikensu na Legas, inda suka danganta barbaɗa hoda mai mental a cibiyar jarirai da tsanantar ciwon shawara ga masu ƙarancin sinadarin jini na G6PD, wanda gado ne da ya yawaita a Afirka ta Yamma. Manya ma ba a so su sha man zalla, kuma mai ciwon hanta ko tsakuwar matsarmama ya nisanci shansa. Wajibi ne a sirka shi da wani mai kafin shafawa, a kiyaye idanu.

Abin lura a wannan tarihi shi ne, ilimin da aka gada daga kakanni na ganye ne, wanda ake jefawa a buta. Abin da ke cikin kwalba kuwa kusan rabinsa mental ne, kuma sai an tara ganye mai ɗimbin yawa kafin a cika cokali guda. Wanda ya auna na kwalba da ma'aunin na buta, ya ɗora wa magabata hukuncin abin da ba su taɓa riƙewa ba.