Sunan Maƙeri da Zuciyar Fasinja: Darasi Daga Jiragen Sakkwato

Maniyyacin da ya baro Gangara ko Isa zuwa filin jirgin saman Sakkwato ba kasafai yake tambayar wanda ya ƙera jirgin da zai hau ba. Sunan kamfanin jigila yake riƙewa. Tarihin haɗurran da suka taɓa wannan yanki ya nuna cewa zargi yakan faɗa wa sunan da ya fi kusa da bakin jama'a, ko shi ne mai laifin ko ba shi ba ne.

Ranar 11 ga Yuli, 1991, jirgin da ya ɗauko alhazai daga Jidda zuwa Sakkwato ya faɗi jim kaɗan bayan tashinsa, mutum 261 suka rasu. Kamfanin McDonnell Douglas na Amurka ne ya ƙera shi, samfurin DC-8, Nationair na Kanada ke da shi, Nigeria Airways kuwa hayarsa ya yi. Bincike ya gano cewa tayoyin da ba su da isasshiyar iska ne suka fashe, wuta ta kama. Sakacin kulawa ne, babu hannun maƙeri.

A 2002 kuma, bayan jirgin EAS ya faɗa unguwar Gwammaja a Kano, gwamnati ta dakatar da duk jiragen samfurin BAC One-Eleven. Amma da jirgin ADC ya faɗi a Abuja a Oktoban 2006, Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo na cikin waɗanda suka rasu, lasisin ADC aka dakatar. Sunan Boeing, wanda ya ƙera jirgin, bai girgiza ba.

Sai a 2018 da 2019 lamarin ya juya. Jirage biyu sababbi samfurin Boeing 737 MAX suka faɗi a Indonesiya da Habasha, mutum 346 suka mutu, aka kuma gano aibin a manhajar da maƙerin ya sanya. Daga nan matafiya suka fara duba samfurin jirgi kafin su yanki tikiti.

Wannan tsoro yana da tushe, amma bai wadatar ba. Sunan maƙeri asalin jirgi kawai yake bayyanawa. Wanda ya duba tayarsa da asuba, da wanda ya horar da matuƙinsa, da hukumar da ke sa musu ido, ba a rubuta sunayensu a tikiti, alhali a hannunsu amanar mahajjacin Gobir take.