Fansho da kuɗin karatun yara: Makomarsu idan mai su ya koma ƙetare

Mutanen Batsari da Safana ba baƙin tafiya ba ne. Tun kafin matsalar dajin Rugu ta tsananta, matasa kan fita ci-rani da zarar an kai amfani rumbu, 'yan kasuwa na bin hanyar Jibiya zuwa Maraɗi, wasu kuma su nufi Saudiyya su daɗe. Abin da ya sauya shi ne irin masu tafiyar da kuma tsawon zaman. Yanzu akwai malamin makaranta, da ma'aikaciyar jinya, da akawun ƙaramar hukuma, da mai shagon hatsi da ya kwashe iyalinsa ba tare da sanin ranar dawowa ba.

Kusan kowanensu yana barin ajiya iri biyu a baya: haƙƙinsa na fansho, da abin da yake tarawa domin karatun 'ya'yansa. Halinsu ba ɗaya ba ne. Kuɗin fansho doka ta ɗaure shi a gida, ba ya bin mai shi ƙetare, kuma abin da ke barazana gare shi shi ne yankewar hanyar isa gare shi. Kuɗin karatu kuwa a sake yake, amma yana da ranar biya, kuma faɗuwar darajar Naira na iya cinye shi kafin ranar ta zo.

Wane tsarin fansho mutum yake ciki

Ma'aikatan gwamnatin tarayya da na kamfanoni masu zaman kansu suna ƙarƙashin tsarin karo-karo da aka kafa a 2004, aka sake wa dokarsa fasali a 2014. Ma'aikaci na zuba aƙalla kashi 8 cikin 100 na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara aƙalla kashi 10, kuɗin su shiga asusu mai ɗauke da sunansa da lambarsa, a hannun kamfanin kula da fansho da hukumar PenCom ta ba lasisi. Sojoji da jami'an leƙen asiri ba sa cikinsa.

Ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi, wato mafi yawan masu albashi a Batsari da Safana, dokar jiharsu ce ke tafiyar da su. Wannan bambanci yana da nauyi ga mai shirin tafiya. A tsarin karo-karo, kuɗin na mutum ne ko da wata shida kawai ya yi yana aiki. A tsohon tsari kuwa, wanda gwamnati ke biya daga baitulmali, shekarun aiki ne ke haifar da haƙƙi: a ƙa'idar da tarayya ta bi, shekara 5 kafin a cancanci garatuti, shekara 10 kafin fansho. Malamin da ya ajiye aiki yana da shekara tara da rabi ya yi asarar abin da haƙurin wata shida zai ba shi har ƙarshen rayuwa. Saboda haka matakin farko shi ne zuwa ofishin fansho na jiha ko na ƙananan hukumomi a Katsina, a nemi bayani a rubuce kan dokar da ta shafi mutum da kuma adadin shekarun da fayil ɗinsa ya nuna.

Yadda aka bar aikin ma abin lura ne. Akwai murabus da aka rubuta aka amince, akwai hutu ba albashi, akwai kuma ɓacewa daga bakin aiki. Na ukun ya fi yawa fiye da yadda ake faɗa, domin wasu kan tafi su bar albashi yana shiga, da fatan ba za a lura ba. Ƙarshensa yawanci kora ce, kuma a ƙa'idojin aikin gwamnati kora na iya kashe haƙƙin garatuti da fansho na tsohon tsari. Ko a sabon tsarin ma, kamfanin fansho zai nemi takardar barin aiki kafin ya saki ko sisi.

Abin da za a iya cirewa

Ƙaura zuwa wata ƙasa ba ta cikin dalilan da doka ta amince a buɗe asusun gaba ɗaya. Sai mutum ya bar aiki kuma ya kai shekara 50, in ban da wanda likitoci suka tabbatar rashin lafiya ya hana shi aiki. Wanda bai kai hamsin ba, idan ya yi wata huɗu da barin aiki bai sami wani ba, yana iya neman kashi 25 cikin 100 na abin da ke asusun. Mai Naira miliyan 4 ke nan zai karɓi miliyan 1, sauran su ci gaba da juyawa da sunansa.

Da yawa kan ruga su karɓi wannan kason domin kuɗin jirgi da biza. Haƙƙinsu ne, amma rabon tsufa ne ake ci da ƙuruciya, kuma ba kowace tafiya ce ke biyan abin da aka kashe mata ba.

Idan lokaci ya yi, ana ba mutum wani kaso a dunƙule, saura kuma a riƙa biyansa wata-wata ko duk wata uku, ko dai daga kamfanin fanshon, ko ta hanyar sayen biyan har-mutuwa daga kamfanin inshorar rai. Da Naira ake biya, cikin asusun banki na Najeriya. Ma'aikacin tarayya da ya fara aiki kafin tsakiyar 2004 yana da ƙarin haƙƙi na shekarun baya a hannun gwamnati, wanda ba ya shiga asusunsa sai an tantance shi.

Akwai abubuwa biyu da ake iya gyarawa kafin a tashi. Tun Nuwamban 2020 ana iya sauya kamfanin fansho sau ɗaya a shekara, don haka wanda kamfaninsa ba ya amsa saƙo sai an je ofis yana da damar komawa wani. Tun 2021 kuma akwai rukuni na shida na zuba jari, wanda babu kuɗin ruwa a cikinsa, ga wanda ya nema a rubuce.

'Yan kasuwa da masu sana'ar hannu da suka shiga ƙaramin tsarin fansho da aka ƙaddamar a Maris ɗin 2019 sun fi samun sassauci, domin a lokacin da aka ƙaddamar da shi an gina shi ne a kan ware kashi 40 cikin 100 da ake iya taɓawa lokacin buƙata, kashi 60 su jira tsufa.

Layin waya da takardu

A watan Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Batsari da Safana, na tsawon watanni. Wanda ya zauna a yankin a lokacin ya ga yadda kuɗi ke zama a banki alhali mai shi ba ya iya taɓa shi, don kawai saƙon lambar sirri ba ya shigowa. Halin da mazaunin ƙetare ke faɗawa ke nan idan ya bar layinsa na gida ya mutu. Kamfanonin waya kan rufe layin da ya daɗe ba a yi amfani da shi ba, daga baya su sayar wa wani, sai saƙonnin banki da na fansho su riƙa zuwa wayar baƙo. Ko dai a tafi da layin ana sa masa kati lokaci-lokaci, ko a sauya lamba da adireshin imel a banki da kamfanin fansho tun ana gida.

Haka batun suna da ranar haihuwa. Idan takardar ɗaukar aiki ta ce Lawal Sani, lambar NIN ta ce Lawali Sani Batsari, BVN kuma ta nuna wata shekarar haihuwa daban, biya zai tsaya. Gyaran da ke cin mako biyu a Katsina yana iya cin shekara daga Jidda. Duk wanda ya buɗe asusun fansho kafin Yulin 2019 ana buƙatar ya sabunta bayanansa da lambar NIN.

Asusun banki da ya shekara ba a motsa shi ba ana ɗaukarsa a matsayin wanda ya yi barci, kuma bisa ƙa'idar Babban Bankin Najeriya ta 2024, idan ya kai shekara 10 a haka ana mayar da kuɗin wani asusun amana a Babban Bankin, inda sai an bi matakai kafin a karɓo. A 2025 bankin ya fito da asusu na musamman ga 'yan Najeriya mazauna ƙetare, da kuma hanyar samun BVN ba tare da an dawo gida ba.

Sunan makusanci da ake rubutawa a fom ba ya mayar da shi magaji. Shi dai wanda za a tuntuɓa ne. Idan mai asusu ya rasu, sai an kawo wasiyyar da kotu ta tabbatar ko takardar kotu ta kula da gado, kafin a raba wa magada. Yana da kyau wani amintacce a gida ya san sunan kamfanin da lambar asusun, ba tare da an ba shi lambar sirri ba.

Fanshon ƙasar da aka je

Ba kowace ƙasa ce ke tara wa baƙo fansho ba. A Saudiyya hukumar inshorar ma'aikata ba ta sa baƙi cikin tsarin fanshon tsufa. Abin da dokar ƙwadago ta tanada shi ne ladan ƙarshen aiki: albashin rabin wata a kan kowace shekara cikin biyar na farko, da na wata guda a kan kowace shekara bayan haka. Mai shekara takwas zai tashi da albashin wata biyar da rabi, kuma ana rage shi idan shi ne ya yi murabus kafin cika shekara goma. Wanda ke zaune ba takardu ba shi da ko wannan.

A Birtaniya sai an yi shekara 10 ana biyan inshorar ƙasa kafin a cancanci wani abu daga fanshon gwamnati, kuma wanda ya dawo Najeriya da zama ba a yi masa ƙarin shekara-shekara. A Nijar, mai aikin albashi a kamfani yana shiga hukumar CNSS, amma abin da ya tara can ba ya haɗuwa da asusunsa na gida, ga shi ƙasar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025.

Kuɗin karatu

Najeriya ba ta da wani asusun karatu na ƙasa mai rangwamen haraji kamar yadda ake da shi a Amurka ko Kanada. Iyaye a yammacin Katsina sun saba ajiye kuɗin makaranta a jikin saniya, ko buhunan hatsi, ko gonar rogo, ko adashi. Dukkansu suna buƙatar idon mai su. Satar shanu da rufe kasuwannin dabbobi da aka yi a 2021 sun nuna cewa saniyar da aka ware wa rajistar jami'a tana iya salwanta, ko a rasa inda za a sayar da ita a makon da ake buƙata. Adashi kuma ya dogara ne da uwar adashi da zaman 'yan zubi wuri guda, abin da gudun hijira ya wargaza a garuruwa da dama.

Tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce a ina yaron zai yi karatu. Idan a Jami'ar Tarayya ta Dutsinma ne, ko ta Umaru Musa 'Yar'aduwa, ko Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, da Naira za a biya, don haka ajiyar Naira ta wadatar muddin tana haihuwa. Hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100 a Disambar 2024, kuma kuɗin da ke kwance kawai a asusu raguwa yake yi. Akwai Sukuk na gwamnatin tarayya da aka fara a 2017, akwai takardun lamunin ajiya na shekara biyu ko uku da ake saye daga Naira 5,000, akwai kuma bankunan da ba sa hulɗa da ruwa irin su Jaiz da TAJ da Lotus. Hukumar NDIC na lamunce ajiya har Naira miliyan 5 ga kowane mutum a bankin kasuwanci, miliyan 2 a ƙaramin banki, don haka abin da ya haura wannan ya fi kyau a raba shi.

Idan kuwa yaron zai bi iyayensa, ko zai yi karatu a Maraɗi ko Alƙahira, to ajiyar Naira caca ce. A Mayun 2023 Naira miliyan 2 ta kai kusan Dala 4,300 a farashin gwamnati. Zuwa Fabrairun 2024 ba ta wuce Dala 1,300 da 'yan kai ba. Sefa tana ɗaure da Yuro, Riyal kuma da Dala, shi ya sa kuɗin makarantar da bai ƙaru ba a can yake ninkuwa a aljihun mai Naira. Mai irin wannan niyya ya fi dacewa ya riƙa tarawa da kuɗin da zai biya da shi, a asusun kuɗin waje na banki ko a ƙasar da yake zaune.

Rancen karatu na NELFUND, wanda aka fara a 2024 ba tare da ruwa ba, na ɗaliban manyan makarantun gwamnati ne a cikin gida. Bai shafi mai karatu a ƙetare ba.

Ga wanda zai bar yara a hannun ɗan'uwa, yawancin rigimar da ke biyo baya ba daga cin amana take farawa ba. Kuɗin makaranta ne ke haɗuwa da na cefane da na asibiti a aljihu ɗaya, ranar rajista ta zo a tarar sun ƙare. Asusu daban da sunan yaron, da biyan makaranta kai-tsaye ta banki, da aiko hoton rasit kowane zango, sun isa su raba su. Idan kuma akwai gona ko gidan haya da aka ware wa karatun, a rubuta wakilcin a gaban shaidu da mai unguwa, a fayyace abin da wakili zai iya karɓa da abin da ba shi da ikon sayarwa.