Daga Bagaruwa zuwa Kurom: Yadda Jimar Fata ta Sauya a Kano

Jima tsohuwar sana'a ce a Kano, tun ƙarnuka kafin jirgin ƙasa ya iso birnin a 1911. Majemi kan jiƙa fata a ruwan toka har gashi ya saki, ya kankare ta, sannan ya tsoma ta a ruwan bagaruwa na kwanaki. Daga nan sai dukawa su rina ta da karan dafi. Fatar jar akuyar Sakkwato da aka jeme haka ita fatake ke ƙetara Sahara da ita, Turawa kuwa suka laƙaba mata sunan Maroko don ta can take isa gare su.

A 1884 Augustus Schultz ya yi rajistar dabarar jima da sinadarin kurom a Amurka. Da ita, manyan ganguna masu juyawa da lantarki kan jeme dubban fatu cikin yini guda. Masana'antu irin waɗannan sun fara zama a Bompai, sannan Sharaɗa da Chalawa ta ƙaramar hukumar Kumbotso suka biyo baya daga shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur ya wadata.

Sayen gangar ba shi ne mai wuya ba. Inda masu masana'anta suka daɗe suna jinkiri shi ne matakin da ke biye. Fata kan fito daga kurom shuɗiya da danshinta, kuma a wancan lokacin a haka ake iya loda ta zuwa Italiya ko Sifen a karɓi kuɗi nan take. Amma ribar gaske tana wajen gamawa: tsagawa, aske kauri, rini, busarwa da guga. Kowane aiki da injinsa, duk daga waje ake sayo su, kuma kowanne na buƙatar ƙwararren ma'aikaci da wuta mai ɗorewa. Mutane da yawa sun ga babu dalilin gaggawa tunda kasuwar shuɗiyar fata na tafiya.

Jinkirin ya yi tsada. A farkon shekarun 1980 naira ta fi dala daraja. Bayan shirin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida a 1986, dala ɗaya ta kai wajen naira 4 a 1987. Injin da jiya ake iya saye ya gagara, kayan gyaransa ma haka, ga yawan ɗaukewar wutar NEPA da ta tilasta wa kowa sayen janareta. Daga baya gwamnati ta haramta fitar da ɗanyar fata da shuɗiyar, sai sabunta injuna ya zama dole a daidai lokacin da ya fi tsada. Tallafin gwamnati na fitar da kaya ya taimaki manyan kamfanoni suka kafa layukan gamawa, kafin a dakatar da shi a 2014. Ƙananan da ba su samu jari ba suka rufe, ko suka koma jeme wa wasu.

Na'urar da aka fi jan ƙafa wajen kafawa ita ce ta tace gurɓataccen ruwa, domin ba ta ƙara wa fata farashi. Ruwan Bompai na bin rafin Getsi ya faɗa kogin Jakara, na Sharaɗa ya bi rafin Salanta zuwa kogin Chalawa, inda manoman rani ke ban ruwa da shi. Wannan ba ƙaramar illa ba ce. Tun kafa hukumar kare muhalli ta NESREA a 2007 ake matsa wa masana'antun lamba su tace ruwansu kafin su sake shi.