Saurin Talla da Saurin Zahiri: Kwatancin Hanyoyin Shigar da Intanet Gidaje a Arewacin Nijeriya

Tsakure

Wannan maƙala ta kwatanta hanyoyi huɗu na shigar da intanet gida: wayar tagulla, faiba, sabis ɗin 4G da 5G, da tauraron ɗan'adam. An gina kwatancin a kan ƙa'idojin fasahar kowace hanya, da bayanan da hukumomi da kamfanoni suka fitar, da lissafin da mai karatu zai iya maimaitawa da kansa. Nazarin ya nuna cewa adadin megabit ɗin da ake bugawa a talla bai isa ma'auni ba. Yawan masu rabon layi, jinkirin amsa, saurin ɗorawa, iyakar data da wutar lantarki su ne ke tabbatar da abin da magidanci zai samu.

1. Gabatarwa

A Turai da Amurka, intanet ta tarar da wayoyi shimfiɗe ne, na tarho da na talabijin, sai ta bi su ta shiga gidaje. Nijeriya ba ta bi wannan hanyar ba. A 2001, layukan tarho na girke da NITEL ke da su ba su kai rabin miliyan ba, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 100. A watan Janairun shekarar hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta yi gwanjon lasisin GSM, zuwa Agusta kuma MTN da Econet suka fara aiki. Tun daga nan yawancin 'yan ƙasar ta iska suka san intanet. Saboda haka jerin hanyoyin da ake gani a rubuce-rubucen ƙasashen waje, inda DSL da wayar talabijin ke kan gaba, bai yi daidai da halin da muke ciki ba.

Akwai kuma batun nisa. Yawancin wayoyin ƙarƙashin teku da ke haɗa ƙasar da duniya, irin su SAT-3, da MainOne da Glo-1 na 2010, da WACS na 2012, da Equiano na 2022, a gaɓar Legas suka sauka. Kano na da tazarar kusan kilomita 1,000 daga can. Duk saurin da aka sayar wa mutumin Kano ko Sakkwato, sai ya ratso wannan tazarar kafin ya iso shi.

2. Ma'aunan kwatanci

Kamfanoni na ƙidaya sauri da megabit a daƙiƙa, wato Mbps, amma data da megabait da gigabait ake sayar da ita. Bit takwas ne bait ɗaya. Layin 25 Mbps ke nan yana sauke megabait uku da ɗoriya a daƙiƙa, gigabait ɗaya kuma cikin minti biyar da daƙiƙa 20. Wannan 25 Mbps shi ne burin da Tsarin Faɗaɗa Intanet na Ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya sa wa birane, ya sa wa karkara 10 Mbps. A 2024 hukumar sadarwar Amurka ta ɗaga nata ma'aunin zuwa 100 Mbps na saukewa da 20 na ɗorawa.

Bukatar gida ba ta kai yadda ake zato ba. Netflix na ba da shawarar 5 Mbps don kallon bidiyo mai tsabta, 15 Mbps don na 4K. Kiran bidiyo ta Zoom bai cika wuce 4 Mbps ba. Gidan da mutum biyar ke kallo a lokaci guda, 25 Mbps ta ishe shi, in dai tana nan daram ba ta hawa da sauka. Shi ya sa aka ƙara ma'aunai biyu: saurin ɗorawa, wanda malami mai koyarwa ta bidiyo da 'yar kasuwa mai tura hotunan atamfa ga masu saye suka dogara da shi, da jinkirin amsa, wato lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo, wanda ake aunawa da milisakan.

3. Tagulla

ADSL2+, nau'in DSL da ke bin wayar tarho ta tagulla, na iya kai 24 Mbps na saukewa da kusan 1 Mbps na ɗorawa, amma saurin na zubewa yayin da gida ke nisa da ofishin tarho. Bayan kamar kilomita biyar kaɗan ne ke saura. Wayar talabijin kan kai gigabit a ƙasashen da suke da ita. Mu nan talabijin ɗin biya ta dish da eriya ya zo mana, don haka ambaton waɗannan biyun cika lissafi ne kawai.

4. Faiba

Faiba zaren gilashi ne da haske ke bi, yana cin kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa. Tafiyar Kano zuwa Legas da dawowa milisakan 10 ke nan a lissafi, kafin a ƙara jinkirin na'urorin da ke kan hanya. Tsarin GPON, wanda aka fi amfani da shi wajen kai faiba gidaje, na ɗaukar kusan 2,500 Mbps na saukewa da 1,250 na ɗorawa, a raba wa gidaje 32 ko 64. Ko da gidaje 64 ɗin duka sun hau a lokaci guda, kowanne zai samu kusan 39 Mbps. Muhimmancin wannan shi ne an san adadin masu rabon tun ranar da aka ja wayar, kuma ba ya ƙaruwa da yamma.

Matsalar faiba ita ce haƙa. A 2020 gwamnoni suka amince da kuɗin izinin haƙa na Naira 145 a kowace mita, wato Naira 145,000 a kilomita, jihar Kaduna ma ta yafe kuɗin gaba ɗaya. Duk da haka kamfanoni sun fi karkata ga unguwannin masu hannu da shuni da sababbin rukunan gidaje. A ganin marubucin, wannan lissafi ne na gajeren zango, domin lungun cikin birni inda gidaje ke manne da juna shi ne inda mita ɗaya ta waya ke wuce ƙofofi mafi yawa. Sai kuma yankewa. Katafila ɗaya a wurin aikin hanya kan jefa unguwa sukutum cikin rashin sabis, kuma wanda ke kan faiba ba shi da wani turken sabis ɗin wayar salula da zai koma.

5. 4G da 5G

Nan ne mafi yawan gidajen Arewa suke: MiFi a aljihu, ko rauta mai layin SIM a kan tebur, ko wayar maigida da aka kunna wa iyali su ɗana. Na'urar 4G ta gama-gari an rubuta mata 150 Mbps na saukewa da 50 na ɗorawa. Ba ƙarya aka yi ba, sai dai wannan adadin na ɓangaren turken ne gaba ɗaya, ba na mutum ɗaya ba. Idan mutum 30 na jan data a lokaci guda, rabon kowa 5 Mbps ne, shi ma idan duk suna kusa da turken. Wanda ke gefe ba abin da yake samu ne kawai ke raguwa ba; yana cinye lokacin turken fiye da na kusa, sai ya rage wa kowa. Dalilin ke nan da layin da ke gudu bayan sallar asuba yake rarrafe daga bayan isha'i zuwa sha ɗayan dare. Ba a san adadin masu rabon ba, kuma ranar kasuwa ko ranar biki a unguwa ta isa ta canza shi.

A Disambar 2021 MTN da Mafab suka ci gwanjon zangon 3.5 GHz, kowanne a kan Dala miliyan 273.6. MTN ya fara 5G a 2022, Kano da Maiduguri na cikin biranen farko; Airtel ya biyo baya a 2023. Faɗin zangon ya sa ɗaruruwan megabit abu ne mai yiwuwa. Amma zango mai tsayi irin wannan ba ya nisa kuma ba ya ratsa bango kamar na 800 MHz. Gidaje biyu a layi ɗaya na iya samun sakamako mabambanci ƙwarai, don kawai tagar ɗaya na kallon turken.

Sai iyakar data, wadda talla ba ta cika haɗa ta da sauri ba. Faɗin bututu ba ya ƙara ruwan tanki, saurin ƙarar da shi kawai yake yi. Gigabait 100 a kan layin 25 Mbps, idan ana saukewa ba tsayawa, ba za ta kai awa tara ba. Bidiyo mai cin 5 Mbps na lashe gigabait biyu da kwata a awa. Gidan da ke kallon awa uku a rana ya haura gigabait 200 a wata. Bayan ƙarin farashi na kashi 50 cikin ɗari da NCC ta amince da shi a Janairun 2025, wannan lissafin ya fi shafar aljihu a kan adadin megabit. Kuma kada a manta da Satumbar 2021, lokacin da aka rufe sabis a jihar Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna saboda tsaro: gidan da turke ne kaɗai hanyarsa, saurinsa sifili ya koma.

6. Tauraron ɗan'adam

Tsohon tsarin VSAT na amfani da tauraron da ke tsayin kilomita 35,786. Tambaya ta hau ta sauko, amsa ta hau ta sauko: sama da kilomita 143,000, kusan rabin daƙiƙa, a aikace kamar milisakan 600. Shi ya sa masu hira ta irin wannan layin suke ta katse juna. Taurarin Starlink na tsayin kusan kilomita 550 ne, tafiyar nan huɗu ba ta wuce milisakan bakwai da ɗoriya ba, a aikace kuma 25 zuwa 60 inda tashar ƙasa ke kusa. Kamfanin ya fara aiki a Nijeriya a Janairun 2023, karon farko a Afirka, kuma ƙiyasin da ya taɓa fitarwa shi ne 25 zuwa 220 Mbps na saukewa, 5 zuwa 20 na ɗorawa.

Shi ma rabo ake yi. A ƙarshen 2024 kamfanin ya dakatar da karɓar sababbin masu rajista a Legas da Abuja saboda cikowa. Abin lura shi ne, saɓanin faiba, tauraro ya fi yi wa wanda ke nesa da jama'a aiki: asibitin ƙauye ko makarantar kwana a bayan gari. Ruwan sama mai ƙarfi na raunana shi, kuma kuɗin na'urar da na wata sun fi ƙarfin yawancin gidaje, sai dai a yi karo-karo.

7. Daga bakin ƙofa zuwa ɗaki

Ko wace hanya aka bi, mataki na ƙarshe Wi-Fi ne, kuma tsarin gidanmu ba ya yi masa sauƙi. An ajiye rauta a falon maigida kusa da zaure. Tsakaninta da ɗakin uwargida akwai bangon bulo biyu ko uku, ko katangar ƙasa mai kauri, ga ƙofar ƙarfe. Zangon 5 GHz mai sauri kan mutu a bango na biyu, na 2.4 GHz ya ratsa amma a hankali. Sai ka tarar da yara tsugune a tsakar gida suna neman sabis a gidan da ake biyan kuɗin 50 Mbps. Waya ɗaya da aka ja zuwa rauta ta biyu kan fi ƙarin kuɗin wata amfani.

Wutar lantarki kuwa tana sauya jerin gaba ɗaya. Dish ɗin Starlink na gama-gari na cin wat 75 zuwa 100, wato aƙalla kilowat-awa 1.8 a yini, abin da ke bukatar sola ko inbata mai ƙarfi. Na'urar faiba da rautarta ƙaramin batir ya ishe su. MiFi, wadda ta zo ƙarshe a takarda, ita ce ke da batirinta a jiki.

8. Abin da ya kamata a riƙa aunawa

Burin 25 Mbps da 10 Mbps bai faɗi ƙarfe nawa za a auna ba, bai kuma ambaci ɗorawa a matsayin abin da magidanci zai riƙe kamfani da shi ba. Maƙalar na ba da shawarar NCC ta wajabta wa kowane kamfani ya riƙa bayyana, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, matsakaicin saurin saukewa da na ɗorawa tsakanin takwas da sha ɗayan dare, da jimillar awannin da layi ya yanke a wata, da saurin da ake mayar da mutum bayan ya cinye kason da aka kira marar iyaka. Jami'o'i irin su Bayero da Ahmadu Bello na iya yin awo mai zaman kansa da ƙananan na'urori a gidajen da suka amince, a birni da ƙauye, damina da rani, domin a samu abin da za a gwada alƙaluman kamfanoni da shi.